Tekun Hansai Tsaye

In ka shiga Batsari kana cigiyar Hansai, sai an tambaye ka wacce, don suna da yawa. Amma ka ce Hansai Tsaye, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka gidan. Gidan haya ne mai ɗaki shida a bayan makarantar firamare, inda waɗanda suka gudo daga ƙauyuka suka fi 'yan gari yawa. A tsakar gidan za ka same ta, doguwa, baƙa, siririya, shekara arba'in da bakwai ko da takwas, dunƙulen ulu cikin leda rataye a hannu, kwarashi yana wulƙawa tsakanin yatsunta, tana kai da kawowa daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure. A tsaye take saƙa. A tsaye take cin tuwo, kwano bisa katanga. In ka cire salla da ɗan abin da ba a rasa ba na kwanciya, ba ka ganin matar nan ta kai ƙasa.

Kada ka ce taɓin hankali ne, lafiyarta ƙalau. A ƙauyensu na ƙasar Ruma ta fi kowa iya zama, don takan miƙe ƙafa a tabarma tun hantsi tana saƙa hulunan jarirai da safa har la'asar. Ranar da mutanen daji suka shigo masu, da rana tsaka ne, ta daɗe zaune ta tanƙwashe ƙafa. Bindiga na tashi kowa ya zura da gudu. Ita ma ta yunƙura, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba, ta mutu murus. Mijinta Malam Lawal ne ya dawo ya ja ta a ƙasa kamar buhun gero har cikin dawa. Sun tsira da rai, gidan kuwa an ƙone shi ƙurmus. Tun daga ranar ta ƙudurta a ranta ba za a sake riskarta a zaune ba.

Matan gidan hayar sukan tsokane ta. "Hansai, ga kujera."

"Na gode, yanzu zan wuce."

Shekara biyu ke nan tana wucewa, ba ta je ko'ina ba.

To, ƙafa dai ka ji labarinta. Saura baki, kuma shi ne ya fi ba ta wahala.

Hansai tana da ɗiya ta fari, Zulaihat. Ka san halin mutanenmu da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunanshi, ba ta yi mashi wasa, ba ta ɗaukarshi gaban mutane. Wasu matan sama-sama suke yin abin, in an shiga ɗaki su rungume abinsu. Hansai kuwa ta ɗauki kunyar nan da zafi har ta wuce gona da iri. Ana yaye yarinyar, kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa sashenta, katanga ɗaya ce tsakani. Yarinya ta tashi tana ce wa uwarta Yaya, yadda ta ji ƙannen Hansai suna faɗi. Uwar kuma in za ta ambace ta sai ta ce "waccan". Waccan ta ci abinci? A ce wa waccan ta shiga, hadari ya taso. Shekara ashirin da shida harshenta bai taɓa juya sunan nan ba. Sauran 'ya'yanta huɗu kuwa ta kira su, ta zage su, ta goya su, ta yi masu kitso, Zulaihat tana leƙowa ta saman katanga.

Akwai abin da Zulaihat ba ta sani ba. Tana shekara shida, da damina, rafin bayan gari ya kawo jan ruwa, mata suna wanki a kan wani falalen dutse. Santsi ya kwashe yarinyar, ruwa ya yi gaba da ita. Kafin kowa ya gama salati Hansai ta faɗa da zanenta, ta damƙo ta a gashi, ta fito da ita, ta danna mata ciki har ta amayar da ruwan. Yarinya na fara motsa ido, Hansai ta ɗago ta ga mata sun kewaye ta suna kallo. Sai kunya ta kama ta. Ta miƙa yarinyar ga ƙanwar Lawal, ta bi ta bayan gari da jiƙaƙƙen zane. Yarinya ta girma tana cewa Gwaggo ce ta cece ta, ba kuma wanda ya gyara mata. Washegari Hansai ta bi gefen rafin ita kaɗai, ta tsinci takalmin yarinyar ƙafa ɗaya, ɗan jan takalmin roba, ya maƙale a saiwar bishiya. Ta ɓoye shi a ƙasan akwatinta shekara goma sha takwas, har ranar da wuta ta cinye akwatin.

Zulaihat ta auri Musbahu, ɗan Safana mai sayar da tumatur da tattasai a Ikko, ya tafi da ita can. Shekara biyar shiru, sai a shekarar da nake ba ka labari Allah ya kawo rabo. Da Hansai ta ji a bakin Lawal, sai ta fara tara itace a bayan ɗaki, guda-guda, a wannan tsadar da ko girki ana lissafin ƙirare. Ta nemo kanwa. Ta aro babbar tukunya. Har bishiyar bedi, wato darbejiya, da za ta riƙa karyo ganyen wanka ta zaɓa. Haihuwar fari a gida ake yin ta, kakar da ta riƙe yarinyar kuma ta rasu, ke nan wankan jego na kwana arba'in a hannun Hansai zai faɗo. Nan ne kaɗai al'ada ta buɗe mata ƙofar da za ta taɓa jikin ɗiyarta ba wanda ya yi mata kallon rashin ta ido. Ta ƙwallafa rai a kan kwana arba'in ɗin nan fiye da yadda ta taɓa ƙwallafa rai a kan komai.

Sai ga waya. Ƙaramar wayar Lawal ce, irin wadda in ana magana har maƙwabta sai sun ji, ya miƙa mata a tsakar gida. Bayan gaisuwa Zulaihat ta ce, "Yaya, Musbahu ya ce hanya ba kyau, kuma ɗaki ɗaya gare ku, wai in haihu a nan. Na ce mashi sai na ji ta bakinki. In kin ce in taho, wallahi gobe zan shigo mota."

Zuciyar Hansai tana ihu, taho, taho! Wani gefen kuma yana tuna mata hanyar nan da ake tare motoci. Da ta faɗi ko ɗaya daga cikin biyun, da an zauna lafiya. Amma ta ɗaga ido ta ga mata biyar sun kasa kunne, har mai daka ta tsayar da taɓarya.

Ta ce, "Yadda mai gidanki ya ce, haka za a yi."

Can Zulaihat ta ce, "Dama na sani. Da Hassana ce da ba ki ce haka ba. Allah ya bar ki da 'ya'yanki, Yaya." Ƙit, ta kashe.

Hassana ƙanwar Zulaihat ce mai bi mata. Wallahi ni abin nan har yau haushi yake ba ni. Kalma ɗaya fa! Daga ranar Zulaihat ubanta kaɗai take kira, in ya ce ga Yayarki sai ta ce kati zai ƙare. Hansai ta san ɗiyarta na zame mata, ta san can cikin ranta yarinyar ta yanke cewa ba a taɓa son ta ba, ta kuma san in aka haihu a kan haka, to an rufe ke nan. Ta sani sarai. Bakin ne dai ya ƙi buɗuwa.

Ana cikin haka Malama Nana Hadiza ta shigo zancen. Malamar firamare ce 'yar Funtuwa, aiki ya jefo ta Batsari, ta kama ɗakin da ke kallon na su Hansai. Ga surutu, ga dariya, ga babbar waya, ga son saƙa, sai dai hannunta bai kai bakinta sauri ba. Tana cikin wani guruf na WhatsApp na mata masu saƙa, sun fi ɗari biyu, na Kano, na Kaduna, na Ikko, na Yamai, har da wata a Makka. Shugabarsu wata Hajiya Gambo ce mazauniyar Fatakwal, mace mai doka kamar hedimasta.

Wata Juma'a da la'asar Malama ta ƙure muryar waya, Hajiya Gambo tana sanarwa. Za a yi saƙar tare, mako takwas. Kowa za ta saƙa shawul na jariri, kuma duk abin da zai hau kanshi na teku ne. Duk Juma'a za ta turo bidiyon kashi ɗaya, a bi. Ranar ƙarshe kowa ta turo hoton nata, ta kuma faɗi da bakinta, a saƙon murya, sunan wadda ta saƙa wa. Wadda ba ta faɗi ba, ba a ƙirga nata.

Hansai tana tsakiyar kai da kawowarta, sai ta ci birki. Teku. Lawal ya taɓa faɗi cewa da Babbar Salla Musbahu ya kai waccan bakin teku, ta ji tsoro ta ƙi matsawa kusa.

"Malama, ana sa tsofaffi?"

"Haba Inna Hansai! Ke da kika fi mu hannu gaba ɗaya?" Nan take Malama ta rubuta: Hansai daga Batsari, ta wayata. Sannan ta ɗago tana murmushin mugunta. "To wa za ki saƙa wa?"

"Aikin guruf ne. Ba sai da kowa ba."

Malama ta ce to, don duk gidan ba wanda bai ji wayar nan ba. Dokar faɗin suna kuwa Hansai ta ji ta, ta tura ta gefe, ta ce kafin mako takwas Allah zai kawo dabara.

Makon farko igiyar ruwa ce. Da bidiyon ya buɗe, Hansai ta leƙo ta bayan kafaɗar Malama ta yamutse fuska. "Wannan ruwa ne ko marina?"

"Haka teku yake, Inna, shuɗi ne."

"Ƙarya ne. Shuni suka zuba mashi don hoto."

Ita ruwan da ta sani ja ne da damina, fari a rijiya, kore in ya daɗe a tabki. Amma doka doka ce, ta sayo shuɗin ulu dunƙule uku. Sau ɗaya ta kalli bidiyon, a tsaye, zuwa Lahadi ta gama. Da Malama ta tura hoton, guruf ya ɗauki zafi. Wata ta ce wannan hannu ne ko inji? Hajiya Gambo da kanta ta yi magana, ta ce kowa ta dubi na Hansai ta gyara nata. Sau uku Hansai ta sa aka maimaita mata saƙon, wai ba ta ji da kyau ba. Mako na biyu aka yi farar kumfa a bakin igiyar, shi ma ta lashe shi kamar wasa.

Juma'a ta uku ta zo, waya ta yi tsit. An yanke sabis a duk yankinmu saboda matsalar tsaro. Malama ta hau turmi ta ɗaga waya sama, ta hau katanga, har bayan gari ta je, ko ɗigo. Kwana ya zama mako, mako ya zama wata. Mutumin da ke kawo ulu daga Katsina ya daina zuwa. Shuɗin zaren ya ƙare shawul bai wuce kamu ɗaya ba. Ga shi ba bidiyo, ga shi ba zare, mafi muni kuma ba labarin Ikko, alhali in ta ƙirga da yatsu watan haihuwar ya kusa kamawa.

Kai da kawowar Hansai ta ninka. Sai da ta fitar da 'yar hanya a tsakar gidan, ƙasa ta daddale kamar daɓe. Ta ɗauki saƙar ta ajiye, ta je ta dubo itacen bayan ɗaki, ta dawo, ta sake ɗauka. In ta ji ƙarar babur a waje sai ta leƙa, ko wani ya zo da saƙo. Matan gidan suka ce, "Ke Hansai, kina sa mu jiri." Ko ta kansu ba ta bi ba.

Wata safiya ta tare Malama a ƙofar ɗaki. "Malama, mi ke cikin teku?"

"Kifi mana. Da jirgi. Da..." Malama ta sosa kai. "Inna, gaskiya ni ma ban taɓa gani ba. Kaduna ce iyakata."

Ta tambayi Lawal. Ya ce shi dam ɗin Jibiya ya taɓa gani, kuma ruwa ne dai, da yawa.

Shi ke nan, Hansai ta yanke hukunci: ruwa dai ruwa ne. Ta shiga ɗaki ta ɗauko suwaitar Lawal mai ruwan ƙasa, wadda yake ji da ita, ta kama bakin zare ta fara warwarewa.

"Hansai! Sanyi na tafe fa!"

"Kafin ya iso na saƙa maka wata."

"Da wane zaren?"

"Da wanda Allah zai kawo."

Bawan Allah ya tsaya yana kallon hannun rigarshi na ɓacewa, ya girgiza kai ya fita. Sharaɗi ɗaya ya kafa daga baya: in za ta yi halittu, ban da ido, don sura mai ido ba ta dace da ɗaki ba. Ta ce ta ji.

Ta wanke zaren ya miƙe, ta ɗora daga inda shuɗi ya tsaya. Ruwa ya rikiɗe ya koma ja-ja, irin na damina. Ta warware tsofaffin huluna ta samu baƙi, ta yi tarwaɗa manya guda biyar, da gashin bakinsu zarara, ba ido. Ta yi kwaɗi da kore. Ta yi furen bado da ragowar farin kumfa. A gefe ɗaya ta yi wani falalen dutse mai ruwan toka, a ɗaya gefen saiwoyin bishiya suna shiga ruwa. Sau uku tana saƙawa tana warwarewa, don dutsen bai zauna inda ya kamata ba. Inda ya kamata a ina? Ba ta tambayi kanta ba. Ita a ganinta teku take yi, tana ma cewa in sabis ya dawo Hajiya Gambo sai ta jinjina mata.

Can ƙarshe wani guntun jan zare ya rage a ledar. Ta juya shi, ta juya shi, sannan ta saƙa wani ɗan abu a tsakanin saiwoyin.

Malama ta sunkuya ta duba. "Inna, takalmi a teku?"

"Can ruwa ba ya cin takalmi?"

Ta gama ana dab da girbin dawa. Malama za ta Katsina banki, Hansai ta ce tare za mu, zan kai shawul tasha in ba direban Ikko. Ta karɓi wayar Lawal ta ƙulle a bakin zane. Sai kuma wata matsalar ta taso: mota zama ake yi. Malama ta yi lallashin duniya, Hansai ta ce ita a-kori-kura za ta shiga. Haka ta tsaya a bayan motar nan tsakanin buhunan gyaɗa, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya rungume da ledar shawul, tun daga Batsari. In an zo kwanar da daji ya matso titi kowa ya yi tsit, sai leɓɓa ke motsi.

Ana dab da shiga Katsina wayoyi suka farka gaba ɗaya. Wannan ta yi ƙara, waccan ta yi kuka, wani tsoho ya fara "Alo! Alo!" tun bai danna komai ba. Wayar Lawal ta yi ƙara sau biyu a bakin zane. Hansai ba ta karatun boko, ta miƙa wa Malama. Daga Musbahu ne. Na farko ya kwana goma sha biyu: an sauka lafiya, mace, mun neme ku ba sabis. Na biyu: an yi suna, wata maƙwabciya ce ke yi mata wanka.

"Ita ba ta aiko da komai ba?"

Malama ta duba, ta sake dubawa. "Babu, Inna."

Hansai ta ce Alhamdulillahi, ta juya fuska wajen iska. Wata maƙwabciya. Ga itace can bayan ɗaki har gara ta fara cin shi.

A tasha motar Ikko tana lodi, ɗan kamasho yana ta kiran masu saƙo. Malama ta ja Hansai inuwar wata rumfa ta buɗe guruf. Ashe an rufe saƙar tun makon jiya. Hotuna suka yi ta zubowa, shuɗi, shuɗi, shuɗi, kamar an haɗa baki. Ga jirgin ruwa, ga wuri, ga wata halitta mai siffar tauraro, ga wata aba mai hannu takwas, ga wani kifi wai ya fi tirela girma. Ko tarwaɗa ɗaya babu. Ko kwaɗo ɗaya babu.

Jikin Hansai ya yi sanyi. Ta zaro nata ta duba, sai yanzu ta gan shi da idon mutane: kamu ɗaya na teku, sauran duk taɓo. Wannan za ta aika wa yarinyar da ke ganin teku da idonta? Ai sai ta ce an raina ta. Ta fara lalube bakin zare za ta warware.

Malama ta yi wuf ta fizge, ta shimfiɗa bisa benci, ta ɗauki hoto ta tura kafin Hansai ta rufe baki. Ba a yi minti biyar ba saƙonni suka fara shigowa, kuma Malama, da ba ta iya rage murya ba, ta kunna su tasha na ji.

"Wayyo cikina! Wannan teku ne ko kududdufin bayan gidanmu?"

"Jama'a ku zo ku ga tarwaɗa makafi!"

"Wa ya yar da takalmi?"

Hansai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sai ga muryar Hajiya Gambo, a kausashe. "Ku yi mani shiru. Mace na inda ba sabis kusan wata biyu, ta gama nata, wasunku da data a hannu ko rabi ba su kai ba. Hansai, na karɓa ko da an makara. Saura doka. Wa kika saƙa wa? Da bakinki."

Malama ta danna wajen ɗaukar murya ta kara mata waya a baki.

"Na waccan ne."

Malama ta goge. "Waccan ba suna ba ne, Inna."

"Na wata yarinya ne a Ikko."

Ta sake gogewa. Wannan karon ba dariya a fuskarta. Ta rage murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba. "Inna, kafin la'asar za mu koma, bayan nan ba motar da ke bin hanyar. In muka bar garin nan, Allah kaɗai ya san ranar da za ki sake samun sabis. Ita kuma tana can da ɗanyen jego tana cewa ba ki damu ba."

Hansai ta dubi tasha. Da, mata biyar ne suka ɗaure mata baki. Yanzu ga direbobi, ga masu awara, ga fasinjoji cike da benci, wasu ma sun matso suna kallon shawul. Ta taka ta je, ta dawo. Ta sake zuwa, ta dawo. Sannan ta karɓi wayar da hannu biyu ta runtse ido.

"Assalamu alaikum. Ni ce Hansai. Ku yi haƙuri, ban taɓa ganin teku ba. Rafin garinmu na saƙa, sai yanzu na gane. Takalmin nan na ɗiyata ne, ta fari. Ruwa ya taɓa ɗaukar ta tana shekara shida, ni na faɗa na ciro ta, na bari aka ce wata ce. Na tsinci takalmin na ɓoye, wuta ta cinye mani shi. Ranar da ta ce in ce ta taho, so nake ta taho, Allah shi ne shaidata, itacen wankanta na nan bayan ɗaki. Kunya ce ta hana ni, da tsoron hanya. Shawul ɗin na jaririyarta ne. Ita kuma sunanta..."

Malama ta riƙe numfashi.

"Sunanta Zulaihat. Zulaihatu tawa."

Malama ta karɓi wayar tana share ido da bakin mayafi. Ta tura guruf. Sannan ta dubi lambar Musbahu a wayar Lawal, ta tura mashi hoton da muryar duka.

"Malama! Mi kika yi?"

"Hannuna ne ya zame, Inna."

Malama ta naɗe shawul ta sa a leda, ta rubuta lambar Musbahu a jiki, ta kai wa direban Ikko. Motar ta tashi. Hansai ta tsaya hannu biyu fayau, ba zare ba kwarashi, ta rasa inda za ta sa su. A guruf masu dariyar ɗazu sun koma kuka da neman gafara, ko kunne ba ta ba su ba. Ta je bakin titi ta dawo. Ta zagaye rumfar. Azahar ta yi, suka yi salla, Malama ta je banki ta dawo, shiru. Ɗan kamashon motar Batsari ya fara kira, saura mutum biyu, saura mutum biyu.

Sai wayar Lawal ta yi ƙara.

"Yaya?" Muryar ta dishe, can bayanta jaririya tana tsala kuka. "Ashe ke ce? Duk shekarun nan Gwaggo nake yi wa godiya?"

"Ni ce."

"Ƙafar hagu ce. Na tuna. Na yi ta kuka a kan takalmin nan, aka ce ruwa ya tafi da shi." Ta ja hanci. "Sake faɗi."

"Mi?"

"Sunan. Wancan da matan guruf kike magana. Ni nake so ki kira."

Hansai ta buɗe baki. Wannan karon bai yi nauyi ba.

"Zulaihat."

"Na'am, Inna."

Hansai ta sulale a hankali ta zauna daɓas a ƙasa, nan tsakiyar tashar, ta miƙe ƙafafu biyu kamar yadda take yi a tabarmarta ta Ruma. Malama ta toshe baki da hannu.

"Hajiya, mu tafi, rana na yi!" in ji ɗan kamasho.

Hansai ta ɗaga mashi hannu ba ta ko dube shi ba. Tambaya take yi, ɗaya bayan ɗaya: ruwan yana zafi sosai? Maƙwabciyar tana sa ganye? Ana dama mata kunun kanwa, ko shayi kawai suke ɗura mata? Cibiya ta faɗi? Sannan ta ce, "Matso da wayar kusa da bakinta in ji kukan da kyau."

Direba ya danna hon sau uku. Malama ta je ta same shi ta taga, ta ce don Allah ya ƙara masu minti goma, matar nan shekara biyu rabonta da zama.